Na'ura da Wasiƙar Garo: Sharhi a kan Dabarar Gane Harshen Wasiƙun Imel

1. Gabatarwa

A gidan waya na da, ma'aikaci ba ya buɗe wasiƙa. Adireshi kawai yake dubawa, ya jefa ta cikin jakar garin da za ta. Wasiƙar imel kuwa ba ta isa hannun mai ita sai na'urori da dama sun karance ta tun daga sallama har zuwa sa hannu. Wata tana bincike ko ta 'yan damfara ce, wata tana neman teburin da za ta miƙa ta a ma'aikata, wata kuma tana shirin yi wa mai karɓa tayin fassara. Sau da yawa tambayar da ke gaban dukan waɗannan ayyuka ɗaya ce, watau da wane harshe aka rubuta wannan wasiƙa? Mai ba da amsa kuwa wata 'yar manhaja ce, watau jerin umarni da aka rubuta wa kwamfuta, wadda ba ta jin kowane harshe, ƙirga kawai ta iya.

Manufar wannan takarda ita ce a ɗora dabarar wannan ƙirga a kan ma'aunin Hausa. Hausar da aka zaɓa don awon ita ce irin wadda ake bugawa da ɗan yatsa a wayar hannu a garuruwan yammacin Kano, kamar Garo ta ƙaramar hukumar Kabo, da Gwarzo, da ƙauyukan da ke kewaye da su. Abin da za a nuna shi ne, dabarar mai kyau ce, kuma Hausa harshe ne mai sauƙin ganewa a gare ta. Amma an gina ta bisa zato uku: cewa wasiƙa doguwa ce, cewa da harshe ɗaya aka rubuta ta, cewa kuma harshen yana cikin waɗanda na'ura ta riga ta sani. Wasiƙar Garo takan karya zato biyu na farko, masu manhaja kuwa su da kansu suka daɗe suna karya na uku.

2. Yadda dabarar take

Tun 1995 akwai ƙa'idar da ta ba da wuri a saman saƙon intanet inda za a rubuta sunan harshensa, alamar Hausa kuwa ita ce ha. Amma sau da yawa a bar wurin fayau, ko kuma manhajar aikawa ta cika shi da harshen da aka saita ta a kai, wanda a Nijeriya galibi Turanci ne. Saboda haka tilas a koma ga jikin wasiƙar.

Dabarar da ta fi shahara ita ce wadda William Cavnar da John Trenkle, masu bincike a jihar Mishigan ta Amurka, suka bayyana a 1994. Ga yadda take. A ɗauki rubutu, a zubar da lambobi da alamomin tsayawa, a bar haruffa. Sa'an nan a yayyanka kowace kalma gutsure-gutsure, daga mai harafi ɗaya har zuwa mai biyar, a kuma lissafta filin da ke gaban kalma da bayanta. Kalmar gaskiya, alal misali, in an yanka ta uku-uku, sai ta ba da _ga, gas, ask, ski, kiy, iya, ya_. A ƙirga sau nawa kowane gutsure ya fito, a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, a riƙe ɗari uku ko ɗari huɗu na sama. Wannan jeri shi ne kamannin rubutun. Kowane harshe an riga an yi masa nasa jerin daga tarin rubuce-rubucensa. To, in wasiƙa ta zo, sai a gwada jerinta da na kowane harshe. Gutsuren da ke na 3 a wasiƙa amma yake na 10 a jerin wani harshe, tazararsa 7 ke nan. Wanda babu shi sam a jerin harshen, sai a ci shi tara mai yawa. A tara tazarar duka. Harshen da jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ne ya ci.

Cavnar da Trenkle sun gwada dabarar a kan saƙonni fiye da 3,000 na dandalin muhawara na Usenet, cikin harsunan Turai 8, suka kuma ba da rahoton cewa a gwajin da ya fi kyau ta dace da gaskiya kashi 99.8 cikin 100. Daga bisani Gertjan van Noord na Jami'ar Groningen a ƙasar Holan ya mai da ita manhaja mai suna TextCat, wadda masu SpamAssassin, manhajar tace wasiƙun banza da aka fara a 2001, suka ɗauka suka sa cikin tasu. Manhajojin da suka biyo baya sun canza lissafin, waɗansu sun koma ga ƙiyasin yiwuwa, waɗansu ga na'ura mai koyo, amma har wa yau gutsuren haruffa shi ne abincinsu.

3. Abin yabo

Lalle dabarar ta cancanci yabo, kuma masanin harshe ne ya fi kowa sanin dalili. Kowane harshe yana da dokokin da suka tsara wane sauti ke bin wane, kuma rubutu yana ɗauke da sawun waɗannan dokoki. Gaɓar Hausa ba ta wuce iri uku: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Mafi yawan kalmomin asali da wasali suke ƙarewa. Harafin a ya rinjayi sauran wasula nesa ba kusa ba. Akwai haɗe-haɗe irin su ts da ky da gy da ƙw da gw, da ninkin baƙi kamar a cikin hannu da sassafe. Akwai kuma ƙananan kalmomi masu yawan dawowa, da, ba, na, ta, ya, ne, ce, kuma, cikin, wanda, waɗanda da wuya a karanta layi biyu ba a ci karo da su ba. In aka ba dabarar shafi guda na jaridar Hausa, kuma akwai jerin Hausa a cikinta, da ƙyar za ta ɓata.

Wani abin yabo shi ne ba ta bukatar ƙamus ko nahawu, kuma kuskuren rubutu kaɗan ba ya kayar da ita, domin kalma in ta lalace a tsakiya, gutsattsarin farkonta da ƙarshenta suna nan. Wannan ya sa ta dace da harshen da ba shi da kayan aiki masu yawa a kwamfuta. Ashe ke nan, in wasiƙar Hausa ta ɓata a hannun na'ura, sai a nemi dalili a wani wuri.

4. Wasiƙar da ake rubutawa a Garo

Mutumin Garo ko na Kabo ba da imel yake gaisawa da dangi kullum ba. Kiran waya da saƙon murya sun ɗauke wannan. Yakan koma ga imel sa'ad da magana ta yi nauyi: rajistar jarrabawar shiga jami'a, neman aiki, neman tallafin karatu, aika takardun shaida ga ɗan'uwa a birni ko a ƙasar waje. Wasiƙun kaɗan ne, amma ɓatan guda ɗaya yana iya jawo asarar shekara. Ga misalin da aka ƙaga don wannan bayani, bisa yadda irin waɗannan wasiƙu suke zuwa, daga ƙane zuwa ga wansa:

"Assalamu alaikum warahmatullah. Yaya barka da warhaka, dafatan kana lfy, ya iyali. Na tura maka form din da result din yaron, kaduba attachment. Deadline din ranar Monday ne insha Allah. Pls ka kira ni in ka gani. Kowa yana gaida ku. Nagode, Allah yasaka da alheri. Kaninka."

Duk Bahaushen da ya karanta wannan ba zai yi shakkar harshenta ba. Amma mai karatu ya dube ta da idon mai ƙirga. Kalmomi 47 ne, haruffa da filaye ba su kai 300 ba. Wannan adadi kuwa shi ne iyakar da Cavnar da Trenkle suka raba gajeren saƙo da dogo a gwajinsu. Cikin kalmomin, 6 na Turanci ne, 5 na Larabci cikin haruffan boko. A wuri 4 an bar lanƙwasa, watau ɗin sau uku da ƙaninka. A wuri 4 an haɗe kalmomin da ƙa'ida ta raba: da fatan, ka duba, na gode, ya saka. Kalmar lafiya kuwa an cire mata wasulanta duka, alhali wasula su ne babbar shaidar Hausa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage gutsattsarin da za su dace da jerin Hausa, musamman waɗanda ke ɗauke da filin farkon kalma, waɗanda su ne mafi amfani.

Sa'an nan wasiƙar imel ba ta tafiya ita kaɗai. A samanta akwai kanun magana, sau da yawa da Turanci. A ƙarƙashinta wayar takan liƙa layin da ke faɗin irin na'urar da aka yi aike da ita. In amsa ce ga wata ma'aikata, tsohuwar wasiƙar Turanci tana biye a gindi, tare da dogon gargaɗin lauyoyi. Manhajar da ba ta share waɗannan ba tukuna za ta ƙirga Turanci mai yawa da Hausa kaɗan, ta yanke hukunci cewa wasiƙar Turanci ce. A lissafi ta yi daidai, a ma'ana ta yi kuskure.

Ilmin harshe yana da amsa a nan wadda ƙirga ba shi da ita. Carol Myers-Scotton ta bayyana a 1993 cewa in mutum yana gauraya harsuna biyu cikin jimla, ɗayansu ne ke ba da ginshiƙin nahawu, ɗayan kuwa kalmomi kawai yake bayarwa. Dubi form ɗin, result ɗin, ranar Monday ne. Kalmomin baƙi ne, amma ɗin da ne da tsarin jimlar na Hausa ne tsantsa. Baƙo ko ya cika zaure, gidan na mai gida ne. Dabarar gutsure kuwa ba ta bambanta baƙo da mai gida, domin harafi goma na attachment sun fi harafi biyu na ne nauyi a ma'auninta.

5. Haruffa masu lanƙwasa

Za a yi tsammani ɓ da ɗ da ƙ su ne tutar Hausa, da zarar na'ura ta gan su magana ta ƙare. Abin ya fi haka wuya, tarihin rubutun boko kuwa shi ya jawo. A farkon ƙarni na 20, zamanin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, da ɗigo ko waƙafi ake nuna waɗannan sautuka. Haruffa masu lanƙwasa sun samu gindin zama ne a shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke shugabancin hukumar fassara da talifi a Zariya. Zamanin ne aka buga littattafai biyar na gasar 1933, cikinsu har da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ci gaba da daidaita ƙa'idoji. Daga irin wannan daidaitacciyar Hausa ta littafi da jarida da gidan rediyo ake yi wa na'ura jerin harshen.

Imel kuwa an haife shi cikin tsarin ASCII, mai alamomi 128 kacal, babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya. Sai a 1992 ƙa'idar MIME ta buɗe hanyar aika waɗansu haruffa, tsarin Unicode kuma ya ba ɓ da ɗ da ƙ lambobinsu. Amma wayoyi da allunan bugu da yawa sun iso hannun jama'a ba tare da su ba, mutane kuwa suka nemi mafita. Wani ya bar lanƙwasar gaba ɗaya, ƙasa da kasa suka zama ɗaya, ɗa ya koma da, baƙi ya koma baki. Wani ya rubuta k'asa, wani qasa. Matasa da yawa sukan sa lamba 6 a madadin ɓ, su rubuta 6ata. To, ga abin lura: dabarar 1994 tana zubar da lambobi kafin ƙirga, saboda haka 6ata sai ta zama ata, kalmar da ba ta kowa ba. Kalma ɗaya ta samu fuska huɗu ko biyar, jerin na'ura kuwa fuska ɗaya ya sani.

Ko wanda ya yi ƙoƙari ya buga lanƙwasar bai tsira sarai ba. A tsarin UTF-8 harafin ƙ da lamba biyu ake ajiye shi. In manhajar da ke karɓa ta karanta su da tsohon tsarin Turai ta yamma, sai ƙasa ta fito Æ™asa, harafin ɗ kuma ya rikiɗe ya zama É da wata alama a gefensa. Na farkon harafi ne na harsunan Denmak da Norwe, na biyun ya fi yawa a Faransanci. Mai kiyaye ƙa'ida ya ba na'ura shaidar zur a kan kansa ba da saninsa ba.

Har wa yau, ɓ da ɗ ba na Hausa kaɗai ba ne. Fulatanci ma yana da su, Fulani kuwa suna zaune a ko'ina cikin ƙasar Kano ta yamma. Harafin ƙ ne ya keɓanta da Hausa a tsakanin harsunan biyu, ŋ kuma da Fulatanci. Manhajar da ta dogara ga ganin lanƙwasa kawai za ta haɗa maƙwabtan biyu cikin tukunya ɗaya.

6. Karin harshe da ajami

Ƙasar Gwarzo tana iyaka da jihar Katsina, kuma in aka ci gaba yamma da arewa sai a shiga inda ake cewa munka da sunka a madadin muka da suka. Can ƙetaren iyaka, a Maraɗi da Damagaram, wanda ya yi makarantar Faransanci yakan rubuta ou a wurin u, ch a wurin sh, ya kuma gauraya Hausarsa da Faransanci maimakon Turanci. Ƙa'idar Nijar ma tana da harafin ƴ inda ta Nijeriya ke da 'y. Ɗan kasuwar hatsi da ke musayar saƙo tsakanin Kano da Maraɗi yana karɓar Hausa iri biyu a rana ɗaya, na'ura kuwa da jeri ɗaya take jiran su.

Ajami ya fi wannan tsanani. Manhajoji da yawa kafin su fara ƙirga sai su dubi irin haruffan, in na Larabci ne su taƙaita zaɓi ga Larabci da Farisanci da Urdu da makamantansu. CLD3 ta kamfanin Google tana da Hausa, haka kuma tsarin NLLB da kamfanin Meta ya fitar a 2022, amma dukansu Hausar boko suka sani. Rubutun da malaman wannan ƙasa suka yi waƙoƙi da wasiƙu da shi tun kafin zuwan Turawa, wanda ɗalibin tsangaya ya fi sakewa da shi har yau, ba a ba shi ko damar shiga takara ba. Alhali yana da alamomin da na'ura za ta iya kamawa cikin sauƙi: ana cika wasula a kan kowane harafi, akwai ɗigon imala a ƙasa mai nuna wasalin e, akwai haruffa masu ɗigo uku don sautukan da Larabci ba shi da su, kuma kalmomin da ke yawan dawowa ba na Larabci ba ne.

7. Jerin harsunan da aka sani

A nan ne babban aibin yake. Dabarar ba ta tambayar wane harshe ne wannan. Tana tambayar wanne ne ya fi kusa cikin waɗanda ke hannunta. In babu Hausa a hannun, wani zai ci a madadinta. Jerin harsunan TextCat da ke cikin SpamAssassin ya ƙunshi Latin da Sanskirit da Esperanto, daga Afirka kuwa Suwahili da Amharik da Afirkans, babu Hausa. Manhajar da Nakatani Shuyo na Japan ya fitar a 2010, mai harsuna 50 da 'yan kai, tana da Somaliyanci da Suwahili, babu Hausa. Ta Marco Lui da Timothy Baldwin ta 2012, mai suna langid.py, tana da 97, babu Hausa. Samfurin fastText mai harsuna 176 da masu bincike na Facebook suka fitar yana da Yarabanci, babu Hausa. Biyun ƙarshen nan suna da Volapük, harshen da wani limamin Kirista Bajamushe ya ƙirƙira a 1879, alhali Hausa mutane fiye da miliyan 50 ke magana da ita.

Dalilin ba ƙiyayya ba ce. Masu manhaja suna ɗebo samfuri ne daga inda rubutu ya taru a intanet, musamman Wikipedia. A 2007 an cika Wikipedia ta Volapük da dubban maƙaloli da na'ura ta ƙera, ta Hausa kuwa sai daga baya ta bunƙasa. Watau abin da jerin ya auna shi ne yawan rubutun da ke hannu, ba yawan masu magana ba. Wasiƙar Hausa da ta faɗa hannun irin waɗannan manhajoji za a liƙa mata sunan wani harshe mai yawan wasalin a da buɗaɗɗun gaɓoɓi, kamar Suwahili, wanda shi ma yana da na da ya a kowane layi.

Adalci ne a ambaci cewa TextCat tana da ɗan kariya: in harsuna da yawa suka zo kusa da juna a lissafi, sai ta ƙi yanke hukunci. Amma in harshe ɗaya ya ɗara sauran kusanci, za ta ambace shi ko da ba shi ba ne. Adalci ne kuma a ce al'amura sun gyaru. Google Translate ta karɓi Hausa a 2013, kuma a 2022 Ife Adebara da abokan aikinta sun fitar da AfroLID mai harsunan Afirka 517. Sai dai tsofaffin manhajoji ba su mutu ba. Su ne ƙanana, masu sauƙin sawa, su ne kuma mai kula da kwamfutocin ofis yakan fara cin karo da su in yana neman abin da zai rarraba masa wasiƙu.

8. Abin da ke cikin hatsari

SpamAssassin tana ba kowace wasiƙa maki bisa alamomin zamba, wadda ta kai 5 a saitin asali a ɗauke ta ta banza. Mai kula da ita yana da ikon lissafta harsunan da ma'aikatarsa ke karɓa, wasiƙar da aka ga ba cikinsu take ba a ƙara mata maki. Wannan shi kaɗai ba ya kai ta kwandon shara, amma in ya haɗu da waɗansu 'yan alamomi yana iya kai ta. Abin takaici shi ne, ko mai kulawar Bahaushe ne, ba shi da hanyar sa Hausa cikin harsunan da aka yarda da su sai ya fara gina mata jeri da kansa. Mai aikawa daga Garo ba za a gaya masa kome ba. Zai yi ta jiran amsa, ya ɗauka an raina shi ne.

Hatsari na biyu ya fi faɗi. Da irin waɗannan manhajoji ake tace intanet a tara rubutun da ake koya wa na'urorin fassara da na hira. Isaac Caswell da abokan aikinsa na Google sun ba da rahoto a 2020 cewa manhajojin da ke cin maki mai yawa a ɗakin gwaji, in aka sake su a intanet, abin da suke tarawa da sunan harsuna da yawa masu ƙarancin rubutu kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai yake na harshen da gaske. Su ma masu aikin NaijaSenti na 2022, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranta, da suka tashi tara saƙonnin Hausa a Twitter, sai da suka bi ta ƙananan kalmomi da wurin da mai rubutu yake, domin dandalin bai sa wa Hausa alama ba. Rubutun da ba a gane ba ba a tara shi, wanda ba a tara ba kuwa ba a koyar da shi, sai na'ura ta gaba ta taso ita ma ba ta san shi ba. Kuma in Hausar jarida kaɗai ake ganewa, Hausar talakawa ta yau da kullum ita ce za ta zube a hanya.

9. Gyara

Gyaran ba ya bukatar a rushe dabarar. Na farko, a ba manhaja ikon cewa ba ta sani ba in tazarar da ta fi ƙanƙanta ma ta yi yawa, kada kuma a ci wasiƙa tara don ba a gane harshenta ba. Na biyu, a share kanu da tsohuwar wasiƙa da layin na'ura kafin ƙirga. Na uku, a auna jimla-jimla maimakon wasiƙa sukutum, a kuma ba ƙananan kalmomin nahawu nauyi na musamman, irin su ne da ce da ɗin da ba mai zuwa farkon jimlar korewa da ƙarshenta, domin su ne ke nuna ginshiƙi. Na huɗu, a yi wa Hausa jeri fiye da ɗaya: boko mai lanƙwasa, boko marar lanƙwasa, rubutun waya, rubutun Nijar, da ajami, dukansu ƙarƙashin suna ɗaya.

Na huɗun nan shi ne mai wuya, domin yana bukatar samfuri na gaske. Turanci ya samu nasa ne ta hanyar da ba a zata ba: bayan rushewar kamfanin Enron, hukumar da ta yi bincike a Amurka ta saki wasiƙun ma'aikatansa a 2003, masu bincike kuma suka tace kimanin rabin miliyan suka mai da su abin nazari. Hausa ba ta da irin wannan, kuma ba a fatan ta samu ta wannan hanya. Wasiƙa amana ce. Sai an nemi iznin masu ita, an goge sunaye da lambobin waya da duk abin da zai tona asiri, kāna a sa masu ilmin harshe su yi wa kowace kalma alamar harshenta. Injiniya ba zai iya wannan shi kaɗai ba, domin bai san lfy lafiya ce ba, balle ya raba Katsinanci da kuskuren bugu.

Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina sun daɗe suna aika ɗalibai ƙauyuka su ɗebo tatsuniyoyi da waƙoƙin baka da karin magana, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Tara rubutun yau da kullum ci gaban wannan aiki ne, da kayan aiki iri ɗaya da ladabi iri ɗaya. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo yake, ɗalibai 'yan Garo da Kabo da Getso kuwa suna cikin azuzuwan Hausa da samfurin a aljihunsu. Wasiƙu 'yan dubbai da aka tace da kyau sun isa a gina jeri irin na Cavnar da Trenkle, a kuma sake shi kyauta ga duk mai bukata.